Hatsarin da Ya Haifi Leda

Yau shirin namu zai leƙa ajin kimiyyar sinadarai, wajen dangin da ake kira alkin.

Ƙaraminsu shi ne etilin: ƙwayar kabon biyu, haidurojin huɗu. Abin da ya bambanta dangin nan shi ne, kabon biyun ɗaure suke da igiya biyu, ɗaya kuwa ba ta da ƙwari. Da wani sinadari ya matso, sai ta kwance, baƙon ya samu wurin kamawa. Shi ya sa idan ɗalibi ya zuba ruwan buromin mai launin ruwan goro a kan alkin, nan take launin ya ɓace. Haka kuma ake cusa haidurojin cikin man girki, da taimakon ƙarfen nikel, har ya daskare.

To, amma ga abin da ya ɗauke mini hankali.

A watan Maris na 1933, a kamfanin ICI na Ingila, masana biyu, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka matse etilin da wani sinadari cikin tukunyar ƙarfe, ga zafi ga matsi mai tsanani. Da suka buɗe, me suka gani? Wani farin abu mai kama da kakin zuma ya manne a jikin tukunyar. Ba shi suke nema ba. Suka sake gwadawa, wani lokaci ba a samu komai ba, wani lokaci abin ya fashe. Aka jingine aikin.

Sai a 1935 Michael Perrin da abokan aikinsa suka sake samo farin abun nan. Ashe iskar oksijin kaɗan da ta kutsa ciki ba da sanin kowa ba, ita ce ke tayar da aikin. Ita ke sa igiyar nan ta kwance, wannan etilin ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, dubbai a jere. Dubbai, masu sauraro! Wannan doguwar sarƙa ita ce folitin. An fara sarrafa shi a masana'anta a 1939, aka lulluɓe wayoyin na'urar rada da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Yau kuma shi ne ledar da mai kanti ke ƙulla miki sukari a ciki, Hajiya.

Lokaci na hararar mu. Amma kafin mu rufe, mu koma kan alkin: akwai dokar Markovnikov, masanin Rasha, ta 1870: idan asid irin haidurojin buromaid ya hau alkin, haidurojin ɗinsa na zuwa wajen kabon ɗin da ya fi yawan haidurojin. Ɗalibai, ku riƙe wannan, tana fitowa a jarrabawa.

Malaman makarantu, don Allah ku daure ku nuna wa yara gwajin buromin da idonsu, kada ya tsaya a allo. Mu kwana lafiya.