Asuwaki, Zoɓo da Lafiyar Zuciya: Abin da Bincike Ya Nuna

Paikon Kore gari ne na manoma da makiyaya a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. A nan, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, mutum kan karyo reshen itace da safe ya yi asuwaki, in rana ta take kuma ya sha zoɓo mai sanyi. Tun shekarun 1970 masana ke auna amfanin waɗannan abubuwa biyu, da wasu tsire-tsire da ake cewa suna rage kitsen jini. Ya kamata jama'a su san abin da aka tabbatar, su kuma bambanta shi da abin da masu tallan magani ke faɗi a tasha da kasuwa.

Mene Ne Kolestarol?

Kolestarol wani irin maiƙo ne da ke yawo cikin jini. Hanta ce ke yin mafi yawansa, sauran kuwa daga abinci yake zuwa. Jiki ba ya rayuwa sai da shi, amma idan wani nau'insa da likitoci ke kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini. A hankali hanyar jinin ta ƙuntace. Ran da ta toshe a zuciya sai a sami bugun zuciya, in kuwa a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin abin shi ne ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon kai; siriri da mai ƙiba duk yana iya kama su. Awon jini kaɗai ke nuna shi, kuma likitoci sun fi son jimlarsa kada ta kai miligiram 200 a kowace desilita ta jini. Yawan cin kitsen nama da man shanu da manja yana ɗaga shi.

Ina Ruwan Haƙori da Zuciya?

A 1989 wani likita a ƙasar Finlan, Kimmo Mattila, tare da abokan aikinsa, suka lura cewa waɗanda bugun zuciya ya kwantar sun fi sauran mutane lalacewar haƙora da dasashi. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne: dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta. Idan dasashi ya kumbura yana jini, ƙwayoyin nan sukan sami ƙofar shiga jini, kumburin da suke tayarwa kuwa yana iya taɓa bangon jijiyoyi. A 2012 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta duba binciken da aka tara, ta ce lalle cututtukan biyu sukan tafi tare, amma ba a tabbatar cewa ciwon dasashi ne ke haddasa toshewar jijiyoyi ba, domin shan taba da ciwon sukari suna kawo duka biyun. Sai dai akwai wurin da babu gardama. Wanda ƙofofin cikin zuciyarsa suka riga suka lalace, ƙwayoyin cutar baki suna iya sauka a kansu su haddasa ciwo mai kisa. Saboda haka mai irin wannan larura wajibi ne ya faɗa wa likitan haƙori kafin a cire masa haƙori.

Asuwaki

A nan ne kakanni suka ci jarrabawa. A 1971 masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Ife, cikinsu har da Abayomi Sofowora, suka tatso ruwan itatuwan asuwakin ƙasar nan suka gwada shi a kan ƙwayoyin cuta, suka tarar waɗansu suna hana su yaɗuwa. Saiwar fasaƙwari, wadda Yarabawa ke kira orin ata, tana cikin waɗanda suka yi fice. Bincike na baya ya nuna irin wannan ƙarfi a marke da darbejiya, da kuma icen asuwakin da alhazai ke kawowa tsaraba daga Makka. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna cewa asuwaki, in an iya shi, yana kawar da dauɗar haƙori kusan kamar buroshi, kuma tun shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa yin amfani da shi inda aka saba da shi.

To, amma sai in an iya shi. Mutane da yawa sukan bar asuwaki a gefen baki suna hira, su goge haƙoran gaba kawai, su bar turame da bayan haƙora ta wajen harshe, inda dauɗa ta fi taruwa. Waɗansu kuma sukan dirza da ƙarfi har dasashi ya ja da baya, saiwar haƙori ta fito. Abin da ya dace shi ne a tauna bakinsa ya yi laushi, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, ciki da waje, safe da dare, a kuma yanke tsohon bakin kullum. Asuwaki ba ya maye gurbin man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa haƙori kada ya ruɓe. Wanda ya sami hali ya haɗa su biyu.

Zoɓo da Tafarnuwa

A 2010 Jami'ar Tufts da ke Amurka ta buga sakamakon gwaji a kan mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na jiƙon zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen maki bakwai; waɗanda aka ba wani abin sha na daban kuwa ɗan kaɗan ta motsa. Wannan amfani ne na gaske, amma na hawan jini ne. Game da kolestarol, gwaje-gwajen zoɓo sun saɓa wa juna. Sa'an nan zoɓon da aka gwada ba irin na ƙulli ba ne da ake labta wa sukari. Sukari abincin ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori ne, tsamin zoɓo kuma yana cin farin ɓawonsa. Mai son amfaninsa ya sha shi ba sukari, ya kurkure baki da ruwa.

Tafarnuwa kuwa sunanta ya fi aikinta. A 2007 Jami'ar Stanford ta gwada ɗanyarta da ƙwayoyinta a kan mutum 192 har wata shida, LDL bai sauka yadda za a ambata ba. Waɗansu gwaje-gwajen sun ga ɗan ragi. Yawanta kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Wake da kuɓewa da ganyaye, da man gyaɗa a madadin kitse, sun fi ta abin dogara.

Daga Tsiro Zuwa Magani

Kada a ɗauka likitancin zamani ya raina abin da ƙasa ta fitar. Maganin da aka fi ba masu yawan kolestarol, watau statin, daga fumfuna aka fara samo shi: Akira Endo na ƙasar Japan ne ya gano shi a 1973 bayan ya gwada dubban ire-iren fumfuna, kuma sai a 1987 aka yarda a sayar da na farko a Amurka. A shekarar nan ce Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, a Abuja, wadda daga baya ta harhaɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ya raba irin wannan da tsimin kwalba shi ne awo: an san abin da ke ciki, an san adadin da za a sha, an gwada illarsa ga hanta da ƙoda. Lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya galibi shaida ce cewa an duba shi ba a ga guba ba. Ba shaidar yana warkar da duk abin da aka jera a takardarsa ba ce.

Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin kolestarol ko na hawan jini kada ya ajiye shi don ya koma jiƙo, domin da an daina sai jinin ya koma yadda yake ba tare da wata alama ba. In yana shan wani na gargajiya, ya tafi da shi asibiti ya nuna. Wanda ya kai shekara 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda bugun zuciya ya taɓa kama wani a gidansu, ya nemi a auna jininsa. Mutanen Paikon Kore da kewaye suna iya fara awon hawan jini a ƙaramin asibiti mafi kusa, awon kolestarol da duba dasashi mai jini kuwa ana yin su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.