Akanta, Tsimi ko Banki: Zaɓin da ke Gaban Ɗan Turba

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, tambaya guda ce ke yawo a gidajen da Allah Ya nufa 'ya'yansu suka kammala sakandare a gabashin Sakkwato: wane kwas yaron nan zai cike? In ɗan ajin kimiyya ne, magana ta ƙare, likitanci ake so ko da makinsa bai kai ba. In kuwa ajin kasuwanci ya yi, sai a ce ya karanta "abin banki". Ƙarƙashin wannan suna ake tattara fannoni huɗu da kowannensu ke da tafarkinsa: ilimin akanta, ilimin tsimi da tanadi, harkar kuɗi da banki, da kuma gudanar da kasuwanci. Sau da yawa mai shagon kwamfutar da ya cike fom ɗin ne ke yanke wa yaro hukuncin shekara huɗu na rayuwarsa.

Ɗan birni yana iya kuskuren zaɓi ya sake lale. Ɗan Turba a ƙaramar hukumar Isa, ko ɗan Gatawa, Kurawa da Tsamaye a Sabon Birni, ba shi da wannan gata. Kafin ya isa ƙofar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo an sayar da sa ko an buɗe rumbu, a yankin da noma kansa ya zama abin da ake yi da izinin 'yan bindiga. Bashin karatu na NELFUND da aka soma bayarwa a 2024 ya rage nauyi, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar biya tana nan tafe. Don haka ya kamata a san abin da ake saye tun kafin a miƙa kuɗi.

Ilimin akanta shi ne mafi bayyanar hanya a cikin huɗun. Aikin akanta rubuta shige da ficen dukiya ne bisa ƙa'idar da duk wani masani zai iya bin sawu ya tabbatar. Ɗalibi zai koyi tsarin da kowane kobo ke shiga littafi sau biyu, inda ya fito da inda ya tafi, sannan ya koyi lissafin abin da aka kashe wajen samar da kaya, da haraji, da binciken kuɗi, da lissafin hukumomin gwamnati. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne digirin rabin tafiya ne. A Nijeriya ƙungiyoyi biyu ne doka ta ba ikon tabbatar da ƙwarewar akanta: ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, da ANAN, wadda ta samu tata dokar a 1993 kuma take horar da mambobinta a kwalejinta ta kusa da Jos. Wanda ya fito da digiri bai zauna jarrabawar ɗayansu ba yana iya samun aiki, sai dai ba shi ne zai sa hannu a rahoton binciken kuɗin kamfani ba, kuma a manyan kujerun fannin galibi takardar ƙwarewar ake fara tambaya.

A nan akwai wata ƙofa da ba a cika faɗa wa yaran karkara ba. ICAN tana da matakin ƙasa da ake kira ATS, wanda mai takardar sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, zai iya fara zamansa ba tare da ya jira jami'a ba. Haka kuma wanda ya bi ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ya yi ƙaramar difloma da babba a fannin akanta yana da damar zama jarrabawar ƙwararru kamar mai digiri. Na sha ganin mai babbar difloma da takardar ƙwarewa ya wuce mai digiri mai daraja ta ɗaya wanda ya tsaya nan. Akintola Williams, wanda ya zama ƙwararren akanta na farko ɗan Nijeriya a 1949, ya buɗe wa mutanen kudu maso yamma wannan hanya tun kafin 'yancin kai, kuma har yau su ne suka fi yawa a cikinta. Ba wani sirri ba ne. Sun ga na gaba sun bi.

To ina aikin yake ga ɗan Gobir? Mutane suna hango Legas da Abuja, alhali akwai aiki a ƙofar gida. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, kowa ya sani. Amma duk ranar da kuɗin Isa ya sauka a Isa, na Sabon Birni ya sauka a Sabon Birni, tambayar farko ita ce wa zai riƙe littafin, wa zai binciki wanda ya riƙe. 'Yancin kuɗi ba tare da ma'aji da odita masu ilimi da tsoron Allah ba canza wa ɓarna mazauni ne kawai. Kakanninmu sun san muƙamin ma'aji da baitulmalin En'e tun zamanin Turawa, kuma dattawa har yau suna labarin yadda ake bin kowane sule. Bayan ƙananan hukumomi akwai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, da sababbin dokokin haraji na tarayya da aka sa wa hannu a Yunin 2025, da kamfanin siminti na BUA a Kalambaina, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira, waɗanda ba sa sakin kuɗi sai da rahoton da aka tantance.

Ilimin tsimi da tanadi dabam ne, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ya koya wa mutum riƙe littafin shago. Yana tambaya ne: me ya sa farashin gero ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, wa ke cin ribar tazarar, me zai faru in gwamnati ta rufe iyaka ko ta janye tallafi? Yaron da ya tashi tsakanin Sabon Birni da Maraɗi ya riga ya ga rabin manhajar da idonsa. Ya ga an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka buɗe ta Illela a Disambar 2020. Ya ga ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, har masu dabbobi suka riƙa karyar da kaya don a ba su tsaba. Ya ga an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun wannan shekara, aka saki naira ta nemi farashinta a Yuni, sannan sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Ya san cewa sefa ta yi tsada, ko da bai san cewa an ɗaure ta ne da yuro a kan 655.957 ba, wanda shi ne dalilin da ya sa duk girgizar da naira ta yi sai an ji ta a aljihun Bagobirin da ke sayen rago a kasuwannin Nijar. Irin wannan ɗalibi, in ya samu malami nagari, ba ya buƙatar misali daga Amurka.

Sai dai zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa abokan aikina na wannan sashe daɗi ba. Digirin farko na tsimi ba ya kai mutum ga wata takamaimiyar kujera yadda akanta ke yi. Masanin tsimi na sosai, irin wanda Babban Banki ko Hukumar Ƙididdiga ko Bankin Duniya ke nema, sai ya ƙara da digiri na biyu, kuma sai ya iya lissafi da ƙididdiga da sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Sanusi Lamido Sanusi tsimi ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama gwamnan Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, amma ya yi shekaru masu yawa a bankuna yana auna haɗarin bashi kafin ya kai can. Wanda ya gudu zuwa tsimi don yana tsoron lissafi, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Harkar kuɗi da banki kuwa ta daɗe tana fama da wani cikas a ƙasarmu: uba mai kishin addini ba ya son ɗansa ya ci abinci da kuɗin ruwa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba ƙauyanci ba. Amma ƙasa ta motsa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma gwamnatin tarayya ta fitar da takardun sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci. Yaron da ya karanta Risala da Askari a zaure, ya san babin ciniki, da ƙiradi, da salam, yana da abin da ɗan boko zalla ba shi da shi, in har ya haɗa da ilimin zamani. Manomin albasa a fadamar Rima wanda ke sayar da amfaninsa tun yana gona a wulaƙance, don ya samu kuɗin taki, yana buƙatar wanda zai tsara masa cinikin salam mai adalci. Binciken da ƙungiyar EFInA ke yi a kai a kai ya daɗe yana nuna arewa maso yamma cikin yankunan da suka fi yawan mutanen da ba su da hulɗa da banki. Mai POS a bakin kasuwa shi ne bankin ƙauye a yau, kuma a 2021 da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, an ga yadda wannan bankin ke mutuwa a wuni guda.

Gudanar da kasuwanci ba zan daɗe a kansa ba. Kwas ne mai faɗi, yana taɓa komai kaɗan-kaɗan, kuma ya fi amfanar wanda gidansu akwai kasuwancin da zai koma ya gyara. Wanda ba shi da wannan, gara ya riƙe fanni mai kaifi.

Akwai wani aiki kuma da ba a tallata shi a jarida, wanda ni a ganina shi ne babban dalilin da ya sa Gobir ke buƙatar 'ya'yanta a waɗannan fannoni. Rikicin yankin nan yana da fuskar kuɗi. Garuruwa suna tara miliyoyi su kai daji don a bar su su yi noma ko su girbe. Iyalai suna sayar da gona su fanshi mutum guda. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi sun bar kadarorinsu. A Agustan 2024 aka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu neman fansa. Duk wannan dukiya ce da ta fita daga hannun talaka, kuma duk ranar da aka zauna maganar diyya ko sake gina garuruwa, wanda ya zo da alƙaluma a rubuce shi za a saurara. Kuka ba ya shiga kasafin kuɗi. Tarihin ƙasar ma ya nuna cewa batun haraji ba ƙaramin abu ba ne a nan: jangali da kuɗin gari suna cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya soki sarakunan Hausa a kansu a Kitabul Farƙ, kuma Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da Sabon Birni, ta faɗi a 1808. Yau harajin ya dawo ba tare da sarki, ba rasit, ba alƙali ba. Wa zai lissafa abin da Turba ta biya a shekara biyar, in ba ɗan Turba da ya san gida-gida kuma ya san yadda ake tsara bincike ba?

In aka nemi shawarata, mafi yawan yaranmu zan tura su akanta, bisa sharaɗin su fara jarrabawar ƙwararru tun suna makaranta, domin ita ce sana'ar da ke tafiya da mutum ko'ina, ko gwamnati ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Manhajojin kwamfuta sun cinye aikin mai shigar da alƙaluma, wannan gaskiya ne, amma ba su cinye aikin mai gane cewa rasit ɗin nan na bogi ba ne. 'Yan kaɗan masu kaifin lissafi da haƙurin dogon karatu su tafi tsimi. 'Yan mata kuma a daina mantawa da su. Akanta aiki ne da mace ke iya yi a ofis, a asibiti, a makaranta, ko ta riƙe littattafan 'yan kasuwa daga ɗakinta, kuma ƙungiyoyin adashin mata sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu.

Duk wannan magana tana rataye ne a kan ƙusa guda, wato kiredit a lissafi. Babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi a akanta, tsimi ko banki ba tare da shi ba, kuma a jarrabawar JAMB ɗin kanta sai ya haɗa Turanci da lissafi da tsimi da wani darasi guda. A Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana na yankunan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. Yaran da suke ƙananan azuzuwan sakandare a lokacin su ne ke neman jami'a a 'yan shekarun nan, kuma lissafi darasi ne da in aka tsallake zango guda ba ya yafewa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban Isa da Sabon Birni suna kashe kuɗi a bukukuwan karramawa da kalanda. Kuɗin buki guda zai biya malaman lissafi biyu su koyar da 'yan aji shida na tsawon hutun damina a cikin garin Isa ko a Sakkwato inda da yawansu ke gudun hijira, ya kuma biya wa goma daga cikinsu kuɗin rajistar matakin farko na ATS.