Wuni Guda a Dajin Yankari

A Amurka da Afirka ta Kudu, iyali kan ɗaura ɗan ɗaki mai tayoyi a bayan mota, da gado da murhu da tankin ruwa a cikinsa, su ja shi zuwa gefen gandun daji su kwana biyu. Al'adar ta sami gindin zama ne saboda an killace dazuzzukan tun da wuri: Yellowstone a 1872, Kruger kuma a 1926. Mutumin Ƙofa ko Kankia ba sai ya mallaki irin wannan ɗaki zai sami irin wannan hutu ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun gama sanin yada zango a daji tun tuni. Su riba ta kai su, mu kuwa sararawa muke nema.

Sai dai ba kowane daji ake shiga ba a yau. Dajin Rugu da ke nan Katsina da gandun Kamuku na Birnin Gwari, rashin tsaro ya raba masu yawon buɗe ido da su. Wanda ya fi dacewa shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Daga Kankia ana bi ta Kano, Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, a kama hanyar Gombe har Dindima, a karkata zuwa ƙofar Mainamaji. Daga nan zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai kilomita 40 da 'yan kai. Tafiyar wuni ce, don haka a yi sammako, kada dare ya riski mutum a hanya. Kafin a tashi, a tuntuɓi hukumar gandun kan halin tsaro da wurin da aka yarda a kafa tanti.

Lokacin zuwa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. A sannan ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa ta koro namun daji zuwa kogin Gaji. Da sanyin safiya ake shiga buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora, a ga ɓauna da gwanki da dorina, wanda ya taki sa'a har da giwaye, waɗanda garkensu na daga cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya.

In rana ta take, sai a gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, har mutum yana hango yatsun ƙafarsa a kan farin yashi, ɗuminsa kuma yana nan wajen digiri 31 dare da rana. Da la'asar a baza tabarma a inuwa, a ɗora shayi, a kalli gadu ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana kiwo a tsakiyar sansanin.

Akwai ƙa'idoji. Gwaggon birin Wikki ya san leda, ya san buɗaɗɗiyar taga. Wanda ya ajiye kilishi a fili ya yi masa sadaka. Kada a ba dabba abinci, kada a sauka daga mota sai da izinin jagora, kada a bar wuta tana ci, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji a hunturu. A tafi da gidan sauro da tocila da ruwan sha, sharar da aka tara kuma a kwashe ta.

Idan kuɗin tafiyar ya yi wa mutum ɗaya nauyi, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ƙungiyar matasa ko malaman makaranta za su iya yin karo-karo su ɗauki bas guda a hutun Disamba, yaranmu su ga giwar da suka daɗe suna ji a tatsuniya.