Bin Sawun Karen Ruwa a Gulbin Sakkwato, Tsakanin Maradun da Bakura

Hausawa sun saba aron sunan dabbar tudu su ba ta ruwa. Ta haka aka sami giwan ruwa, wanda kifi ne, da kazar ruwa, da kuma karen ruwa. Wannan na ƙarshe ba dangin kare ba ne ko kaɗan. Dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da kakkaurar wutsiya, tana kwana a rami ko cikin duhuwar gaɓa, amma abincinta a ruwa yake. Masana dabbobi sun lissafa iri 13 a duniya, biyu daga cikinsu kuwa su ne suka fi yaɗuwa a Afirka kudu da Sahara, har da Nijeriya. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, suna ɗaya ne ya rufe su duka biyu, alhali kuwa halinsu ya bambanta ƙwarai.

Babban, wanda ake kira Aonyx capensis da Latin, yakan kai kilo 10 zuwa 20. Ba shi da farce a ƙafafun gaba, yatsunsa kamar na jariri suke, da su yake lalube cikin taɓo ya zaƙulo ƙaguwa da kwaɗo da tarwaɗa. Saboda haka ruwa mai laka bai dame shi ba, in kuma tafki ya ƙafe yakan taka ƙasa ya nemi wani. Ƙaramin, watau Hydrictis maculicollis, da wuya ya wuce kilo 6. Yana da farce, da fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa, da ɗige-ɗige a wuya. Da ido yake farautar kifi, don haka ya fi son ruwa garau wanda ba ya ƙafewa. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa su duka biyu cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

Dalilin da ya sa wannan yanki ya cancanci a duba shi a fili yake. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Maradun da Bakura. A da, ambaliyar damina takan cika fadamu, da rani kuwa ya koma gurabu cikin rairayi. Da aka gama madatsar Bakalori a 1978, aka sami tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000 a sama, da magudanan ban ruwa a ƙasar Talata Mafara da Bakura, ambaliya kuma ta ragu a ƙasa. W. M. Adams, wanda ya wallafa bincikensa a kan haka a 1985, ya nuna yadda kamun kifi ya faɗi a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar. Dabbar da ke ci daga abin da masunci ke ci, lalle wannan canji ya shafe ta, ko ta sami sabon mazauni a tafkin ko ta rasa tsohon a fadama. Sanin wanne ne ya faru sai da awo.

To, karen ruwa ba ya ƙidayuwa kamar shanu a lokacin jangali. Babban ya fi fita da almuru da asuba, yana kuwa da tsananin tsoron mutum. Don haka masu bincike ba sa neman ganinsa, alamarsa suke nema. Hanyar da ta fi shahara an kafa ta ne a Ingila, bayan da magungunan ƙwari irin su dieldrin suka kusa ƙarar da nasu irin tun daga tsakiyar shekarun 1950. Akan zaɓi wuri, yawanci gindin gada, a bi gaɓa mita 600 ana duba kashi da sawu. In an gani a rubuta akwai, in ba a gani ba a rubuta babu. A binciken 1977 zuwa 1979 an duba wurare 2,940, aka sami alama a wajen kashi 6 cikin 100 kaɗai. Da aka sake bin wuraren nan a 2009 zuwa 2010, fiye da rabinsu na da alama. A shekarar 2000 Claus Reuther da abokan aikinsa suka daidaita tsarin: a raba taswira gida-gida, kowane gida kilomita 10 tsawo da faɗi, a duba wuri huɗu a cikinsa. Ƙarfin hanyar ba a zagaye ɗaya yake ba, yana cikin maimaitawa a wuri guda, a lokaci guda na shekara.

Kashin shi ne babbar shaida, gama dabbar takan ajiye shi a inda 'yan'uwanta za su sansana, kan dutse, ko tsibiri, ko bakin magudana. Na babban cike yake da ɓawon ƙaguwa da aka tattauna, in ya bushe ya yi fari-fari. Na ƙaramin siriri ne, ƙaya da ɓawon kifi suka fi yawa a ciki. David Rowe-Rowe, wanda ya yi nazarin iri biyun a Natal ta Afirka ta Kudu tun shekarun 1970, ya ja kunne game da wani irin tunku mai zama a fadama, wanda shi ma ƙaguwa yake ci. Sawu ke raba gardama: na tunkun dogayen yatsu ne da farce, na babban karen ruwa kuwa yatsu biyar ne masu kauri, babu alamar farce.

Sai dai abin da ya yi daidai da kogunan Ingila ba zai shiga Bakura haka nan ba. Da damina ruwa yana wanke kashi, yana rufe gaɓa. Da bazara kuwa dabbobi kan taru a 'yan guraben da suka rage, sai alama ta yi yawa a wuri kaɗan, mai gaggawa ya ɗauka sun ƙaru. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da taɓo ke da laushin riƙe sawu. A ƙasa da madatsa kuma dole a rubuta ranar da aka saki ruwa, domin sakin dare ɗaya ya isa ya shafe shaidar mako guda. Har wa yau, yawan kashi ba yawan dabba ba ne. Hans Kruuk ya yi wannan gardama a 1987, maganarsa kuwa tana da nauyi. Mai son adadi sai ya ɗaura kyamara mai ɗaukar hoto da kanta in abu ya gifta, tun da ɗigon wuyan kowane ƙaramin karen ruwa nasa ne shi kaɗai. Ko ya kwashi ɗanyen kashi da sassafe, kafin rana ta ɓata shi, a kai ɗakin gwaji a karanta ƙwayoyin gado. Duka biyun suna cin kuɗi.

Saura hanya mafi araha, wadda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, watau tambayar masunta. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɗaga kalli da asuba, ya san abin da ke yaga masa shi ya bar kan kifi. Shi kaɗai ne kuma zai iya ba da labarin gulbin kafin 1978, abin da babu kyamarar da za ta ɗauko. Amma amsa tana bin tambaya ne. "Ka taɓa ganinsa?" da "Kakan gan shi?" da "Kana ganinsa?" tambayoyi uku ne. Ta farko ta haɗa har da ƙuruciyar dattijo, ta biyu tana neman al'ada, ta uku ce kaɗai ta shafi yanzu. Takardar tambayoyin da aka tsara da Turanci aka juya ta cikin gaggawa takan haɗe su, sai dabbar da aka yi wa ganin ƙarshe shekara 30 da suka wuce ta fito a taswira kamar jiya aka gan ta.

Haka kuma bai kamata mai tambaya ya fara ambaton sunan ba. Baƙon da ya zo da takarda ya ce ko akwai karen ruwa, da yawa za su ce akwai don kara. Gara a nuna hotuna a gauraye, da na guza da na tunku da na gafiya a ciki, a bar masunci ya zaɓa, ya faɗi sunan da bakinsa, ya siffanta wuya da ƙafa. A nan ne za a gane ko mutanen wurin suna raba iri biyun da wata kalma tasu, kalmar kuwa a rubuta ta yadda aka furta. Wanda ya ce kihi kada a mayar masa da shi kifi, domin mai gyara lafazi yakan gyara har da sunan da ake nema. Shekara kuma a ɗaure ta da abin da kowa ke tunawa: kafin madatsa ko bayanta, farin 1973 ko na 1984, ko ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Duk wannan sai an bi ta hannun Sarkin Ruwa, musamman da yake wasu tambayoyin, kamar na zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa don kashe kifi, ba a amsa wa baƙo su.

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani a Zamfara cikin shekarun 2010, bin gaɓa mita 600 da asuba a dajin Maradun ya zama abin da ba kowane mai bincike zai yarda ya yi ba, kyamarar da aka ɗaure a itace kuma tana iya jawo wa mai ita zargin leƙen asiri. Masunci dai yana bakin ruwa kullum. Hoton sawu da ya ɗauka da waya, da ashana a gefe don a gane girmansa, tare da sunan mashigi da rana, ya isa a cike gida ɗaya a taswira.