'Yan'uwan Camp David da Ba Soja a Ƙofarsu

Duk mai bin labaran duniya ya san Camp David, inda Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila suka shafe kwana 13 suna tattaunawar sulhu a watan Satumba na 1978, shugaban Amurka Jimmy Carter yana kai-komo a tsakaninsu. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne wurin yana da 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan dutse guda. Sunansu Misty Mount da Greentop, kuma suna cikin gandun shaƙatawa na Catoctin a jihar Maryland ta Amurka, kusa da garin Thurmont, kimanin kilomita 100 daga Washington.

A farkon shekarun 1930 dutsen nan ya gama gajiya. Masu gawayi sun daɗe suna sare dajin don ciyar da masana'antar narka ƙarfe ta Catoctin, wadda ta yi aiki tun shekarun 1770 har zuwa 1903. Masu ɓare ɓawon itace don jima sun ɗebi nasu, gonaki kuma sun daina ba da amfani. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin Franklin Roosevelt ta sayi filayen, ta ɗauki marasa aikin yi a ƙarƙashin shirin WPA su gina sansanonin hutu. Aka gama Misty Mount a 1937, Greentop ya biyo baya a 1938. Na ukun shi ne Roosevelt ya mayar wurin hutunsa a 1942, ya sa masa suna Shangri-La, kafin shugaba Eisenhower ya canza masa suna a 1953, ya laƙaba masa na jikansa David.

Sauran biyun suka ci gaba da zama na kowa da kowa. Idan sanyi ya wuce aka buɗe Misty Mount, iyali kan kama ɗaki na kwana biyu ko uku, su zo da bargunansu da tukwanensu. Ɗakunan ba wani ƙawa: gadaje, tagogi, bangon katako, shi ke nan. Girki a waje ake yi, wanka kuma sai an taka zuwa wani gini na tarayya. Da daddare yara su kewaye wuta suna gasa abin da iyaye suka taho da shi, gari na wayewa a bazu cikin daji. Greentop kuwa tarihinsa na yara masu buƙata ta musamman ne. Wata ƙungiya daga Baltimore mai kula da su ta fara kawo su Misty Mount a 1937, sai aka ga gangara da duwatsun wurin sun fi ƙarfin mai dogara sanda, shi ya sa aka koma Greentop mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A lokacin yaƙin duniya na biyu hukumar leƙen asiri ta OSS, wadda CIA ta gada, ta ari wurin tana horar da mutanenta.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne katakon. Akasarinsa na icen cesnat ne, wanda a da ya cika dazuzzukan gabashin Amurka, ga tsawo, ga miƙewa, ga jure ruɓewa. A 1904 aka fara ganin wata cuta irin ta fumfuna a jikinsa a birnin New York, wadda ta shigo tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Cikin shekara 50 ta kashe biliyoyin itatuwa. Lokacin da magina suka iso Catoctin, matattun cesnat suna tsaye birjik ba ganye, sai suka sare su suka yi ɗakuna. Irin wannan katako yakan zo da 'yan ƙananan huji kamar an caccaka masa allura, aikin ƙwarin da suka shige shi bayan ya mutu a tsaye.

To a nan gizo ke saƙa. Har yau saiwar cesnat tana tohowa a dajin, amma kafin tohon ya zama abin a-zo-a-gani cutar ta sake kama shi. Kafintan da ya tarar gungumen ƙasan bango ya ruɓe, don nan ne ruwa da ƙanƙara suka fi taruwa, ba shi da dajin da zai shiga ya saro madadinsa. Mai gidan ƙasa da ya taɓa neman azara a inda giginya ta ƙare zai gane wannan damuwa.

An shigar da Misty Mount da Greentop cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar a 1989, kuma ƙa'idar gyaran irin waɗannan gine-gine ita ce a lallaɓa na asali muddin zai lallaɓu. Ba a cire gungume sukutum don gefensa ya lalace. Sai a ƙwaƙule ruɓaɓɓen wurin, a sassaƙa wani guntu daidai da ramin, a cusa shi ya zauna daram. A toshe tsakanin gungume da gungume, a gyara rufi kafin ya fara yoyo, a kawar da ganyen da ya taru a gindin bango. Aiki ne na ɗan-kullum, mai cin kuɗi, kuma ba a yanka kirtani a kansa. A ganina buɗe ɗakunan ga masu haya yana cikin gyaran, ko da yara suna goge dandamali da takalmansu, domin mai kwana a ɗaki shi ke fara ganin inda ruwa ke ɗiga.

Idan tafiya ta kai mai karatu can, ya duba sanarwar gandun kafin ya kama hanya. Taswirar da ake ba baƙi ba ta nuna Camp David, kuma idan shugaban ƙasa ya zo hutu akan rufe wani sashe na hanyar tsakiyar dajin.