Ɗaga Kai Ka Dubi Bishiyar Da Kake Shan Inuwarta

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi da rana tsaka ya san darajar darbejiya, wadda a nan muka fi kira bedi. A gindinta mai faci yake baza kayansa, nan 'yan acaɓa suke jiran fasinja, nan dattawa suke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Amma cikin masu shan inuwar da wuya ka sami wanda ya taɓa ɗaga kai ya duba lafiyar ganyen. Mu dai inuwa ta samu.

A ƙarshen 1990 ma'aikatan gandun daji a Jamhuriyar Nijar suka lura da wani ciwo a jikin darbejiya. Tsofaffin ganyaye su koma ruwan ɗorawa su zube, reshe ya tsaya tsirara, sai ɗan tuntun ganye a can bakinsa, har masana suka riƙa kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Ba a jima ba aka ga irinsa a arewacin Najeriya da Kamaru da Chadi da Mali. Layukan darbejiyar da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa tun 1975, don kare gonaki daga iska, su ma bai ƙyale su ba. An yi ta bincike ba a kama ƙwayar cuta ɗaya da za a ɗora wa laifin ba. Inda masana suka fi karkata shi ne wahala ce ta ci ƙarfin itatuwan: ƙarancin danshi, da ƙasar da ta taurare saboda tattakin mutane da dabbobi. Kafin wannan ma, a shekarun 1980, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa ya addabi darbejiyar kewayen Tafkin Chadi har cikin Borno. Ciwon itace ba ya tsayawa a iyakar Jibiya a duba masa takardu.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka gane haka. A farkon shekarun 1980 dazukan Jamus suka fara zubar da ganye, aka zargi hayaƙin masana'antu da iska ke kwasa daga wata ƙasa zuwa wata. A 1985 aka kafa shirin haɗin gwiwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, yau ƙasashe kusan 40 ke cikinsa. An tsaga daji gida-gida, tazarar kilomita 16, an yi wa wasu itatuwa alama, kowace shekara a lokaci guda a koma wa waɗannan itatuwan a kimanta yawan ganyen da ya ɓace. Wanda ya rasa fiye da kashi 25 cikin ɗari an sa shi a layin marasa lafiya, wanda ya haura kashi 60 ya yi nisa. Abin da ya burge ni, babban kayan aikin ido ne da littafi. Ido kuwa ba mu rasa shi ba.

Sai dai ba kowace zubar ganye ce ciwo ba, kuma a nan manomi ya fi ɗan boko sani. Gawo da damina yake tuɓewa, shi ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Kuka da rani take tsayawa fayau. Ita kanta darbejiya takan rage ganye kafin ta yi sabon toho da bazara. Saboda haka lokacin dubawa shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, sa'ad da kowace bishiya ya kamata ta cika ta batse. Gawo kuma a jira shi sai Janairu.

Abin tsoro shi ne bishiya ta fara bushewa daga sama tana gangarowa, ko ganyenta su ƙanƙance, ko ka ga garin katako a gindinta, ko gara ta yi gini ta haura jikinta. A ɗorawa da kaɗanya a lura da kauci. Yana nan kore shar, mai masaukinsa yana ramewa. Wani ciwon kuma mu ne. Mai neman sassaƙen magani da ya ɓare ɓawo ya zagaye gindi ya yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar kuma ba ranar za ta mutu ba, shi ya sa ba ya ganin laifinsa.

Rashin tsaro ya sa shiga dajin Rugu ya zama kasada ko ga ma'aikacin daji. Tauraron ɗan'adam yana iya nuna inda kore ya ragu, amma ba zai gaya maka kauci ne ko gatari ba. Itatuwan gona da na bakin titi da na harabar makaranta kuwa suna gabanmu kullum.

Zaɓi bishiya biyar ko goma. Ɗauki hotonsu da waya daga wuri ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara. In ka ga itatuwa iri ɗaya da yawa sun sake kama a lokaci guda, kada ka ruga sayen maganin feshi. Sanar da mai unguwa da ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma, ko ka kai reshe sashen nazarin gandun daji na Jami'ar Tarayya da ke nan Dutsin-Ma. Kafin su zo, sare reshen da kauci ya kama daga ƙasa da inda ya manne, ka kwance akuyar da aka ɗaure a gindin, ka sassauta ƙasar da fartanya, ka yi mata ɗan gurbi da zai tare ruwan sama.