Rubutun Ƙasan Fim Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

Tun cikin 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wasan Hausa na bidiyo yake ta bunƙasa. Fim ɗin da aka tace a Kano ana kallonsa a Maisandari ta Maiduguri, ana kuma kallonsa a Agege ta Ikko, inda maƙwabci Bayarabe ba shi da madogara sai rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasan hoto. Buɗe tashar Africa Magic Hausa cikin 2010 ya ƙara wa wannan rubutu muhimmanci.

Aikin kuwa yana son natsuwa. A manhajar tace fim irin su Adobe Premiere, kowace jimla tana da lokacin shigarta da na fitarta. In mai tacewa ya yanke daƙiƙa 5 bayan an jera rubutu, bai kuwa lura ba, sai duk abin da ya biyo baya ya goce, watau uwa tana magana, rubutu yana ba da amsar ɗanta. Saboda haka gwanaye ba su sa rubutu sai an gama yanka, ba su kuma wuce layi 2.

Sa'an nan ga fassara. In aka juya "ya ci amanata" kalma bayan kalma, sai baƙo ya zaci zancen abinci ake yi. Lalle ya kamata masu fim su nemi mafassari na sosai su biya shi, gama da wannan rubutu ne maƙwabta ke auna Hausawa.